Abin da tiramol da kodin ke yi wa ƙwaƙwalwa

Ɗan dako ya haɗiye tiramol da asuba, ya wuni yana sauke buhunan masara bai ji bayansa ba, sai ya ce ƙwaya ta ba shi ƙarfi. Alhali gajiyar tana nan, ciwon ma yana nan, labarinsu ne kawai aka tare a hanya.

A 1973 ne Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu 'yan gurabe da ke karɓar magungunan dangin ofiyam, irin su mofin da hiroyin da kodin da tiramol. Kamar kwaɗo ne da makullinsa. A 1975 kuma aka gano cewa jiki yana da nasa makullin, wasu sinadarai da yake saki idan mutum ya ji rauni ko ya sha wuya, su rage masa raɗaɗi.

Gurbin da ya fi shafarmu shi ne wanda ake kira "mu". A laka yana dakushe saƙon ciwo. A sashen jin daɗi yana sa a saki sinadarin dofamin, damuwa ta kau, mutum ya ji duniya ta yi masa sanyi. A hanji yana kawo taurin bayan gida. Akwai shi kuma a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, nan ne ajali yake.

Idan ana shan ƙwaya kullum, guraben nan sai su daina amsawa kamar da. Guda ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, har a kai ga mai lamba 225, alhali ta asibiti 50 ce ko 100. Ranar da aka rasa, sai hamma da majina da zufa da gudawa, ƙasusuwa na ciwo, barci ya gagara. A wannan gaɓar mai sha yana neman ya tashi tsaye ne kawai, daɗin ya daɗe da tafiya. Shi ya sa mari da bulala ba sa magani. Aikin likita ne, da rage sha sannu a hankali.

Gwamnatin Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma har yau ana samun ƙwaya a lungu. Iyaye su kula da wanda ya daina na 'yan makonni: jikinsa ya manta sabo, in ya koma kan adadinsa na da, numfashi na iya tsayawa. Tiramol kuma in ya yi yawa yana kawo jijjiga.

In kun ga mutum yana minshari, an girgiza shi bai farka ba, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ɗai-ɗai, kada a ɗura masa madara ko manja. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a gaya wa likita abin da ya sha. Akwai allurar naloxone da ke ture maganin daga gurbinsa.