Harɗaɗɗen Ganye: Hanyar Tantance Itatuwa da Tsirrai

Bahaushe ya daɗe da sanin itatuwansa, har J. M. Dalziel ya tattara sunayensu a littafinsa na 1916. Sai dai kalmar "ganye" ɗaya tak yake amfani da ita ga cikakken ganye da kuma ɗan ganye, abin da kan rikitar da mai koyar da ilmin tsirrai da Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace wannan bambanci.

Ganye iri biyu ne. Akwai tilo, kamar na mangwaro da na kaɗanya. Akwai kuma wanda ya rarrabu zuwa 'ya'ya a kan sanda guda, wanda muke ganin ya dace a kira shi "harɗaɗɗen ganye", bisa kwatancin "harɗaɗɗen suna" na nahawu. Hanyar rarrabewa ita ce a dubi hammatar ganyen, wato inda ya haɗu da reshe. Cikakken ganye yana da idon toho a nan, ɗan ganye kuwa ba shi da shi. Ganyen rogo da na gwanda tilo ne, domin tsagarsu ba ta raba su zuwa 'ya'ya ba.

Harɗaɗɗen ganye yana da manyan tsari biyu. Na farko shi ne tsarin gashin tsuntsu, inda 'ya'yan ke jere a gefe biyu na sanda, kamar na tsamiya da maɗaci da darbejiya. A ɗorawa da gawo da bagaruwa rabuwar hawa biyu ce, a zogale kuwa takan kai hawa uku. Na biyu shi ne tsarin tafin hannu, inda 'ya'yan ke fitowa daga wuri ɗaya, kamar na kuka da rimi da ɗinya. Haka ganyen jinsen yake, tsiron maganin nan na Koriya da Sin, wanda danginsa ɗaya da gwabsa ta dazukanmu.

Ƙirga 'ya'yan ma yana taimakawa: aduwa 2, wake 3, gyaɗa 4, ɗinya galibi 5. Amma ganye kaɗai ba ya wadatarwa, domin ƙaramar kuka da ganye tilo take farawa, gawo kuma da damina yake kaɗe nasa. Don haka wajibi ne ɗalibi ya haɗa da ɓawo da ƙaya da fure kafin ya yanke hukunci.