Ninkin Takarda: Yadda Littafi Ya Bar Teburi Ya Shiga Aljihu

Wanda duk ya duba kundin tsofaffin littattafai na manyan ɗakunan karatu a Turai zai ga wasu 'yan alamomi kusa da sunan kowane littafi: 2°, 4to, 8vo, 12mo, har zuwa 64mo. Masu karatun yau tsallake su suke yi. Alhali kuwa tun ƙarnoni da suka wuce da su maɗaba'a da mai ɗinkin littafi da ɗan kasuwa suke fahimtar juna. Ba awon tsawo ko faɗi ba ne. Bayani ne na warƙa nawa aka fitar daga falle ɗaya na takarda.

A zamanin injin hannu ba shafi-shafi ake bugawa ba. Ana jera shafuka da dama a buga su a fuskar babban falle, a juya a buga bayansa, sannan a ninke. Ninki ɗaya yana ba da warƙa 2, shafi 4, shi ne foliyo. Haka Gutenberg ya buga Baibul ɗinsa a Mainz ta Jamus wajen 1455, haka kuma aka tara wasannin Shakespeare 36 a 1623. Ninki biyu, warƙa 4, shi ne kwarto. Ninki uku, warƙa 8, shafi 16, shi ne oktabo. Daga nan sai ƙananan: 12mo, 16mo, 24mo, 32mo, har 64mo, inda falle guda ke haifar da shafi 128.

Aikin yana son natsuwa. A fallen oktabo kafin a ninke, shafi na 1 yana maƙwabtaka da na 16, rabin shafukan kuma kansu a ƙasa yake. Mai jera haruffa ya kuskure gurbi ɗaya, duk bugun ya lalace. Na 12mo ya fi wuya, domin galibi sai an yanke sashe mai warƙa 4, a ninke shi daban, a cusa shi cikin sauran 8. Don kada mai ɗinki ya rikice, ana sa harafi a ƙasan shafi, A, B, C, kowane ɗauri da nasa. Sau da yawa littafin yakan isa hannun mai saye bakin ninkin a rufe, sai ya sa wuƙa ya tsaga da kansa yayin da yake karatu.

Wannan ninki ya sauya wurin karatu da masu yin sa. Foliyo kayan teburi ne, sai coci da jami'a da gidan attajiri. A 1501, Aldus Manutius na birnin Venis ya fitar da waƙoƙin Virgil a oktabo, da siraran haruffa masu karkata waɗanda Francesco Griffo ya sassaƙa, ba tare da dogon sharhin da aka saba kewaye matani da shi ba. Littafi ya zama abokin tafiya. A ƙarni na 17 iyalin Elzevir a Holan suka ƙara ƙanƙanta shi, suka cika kasuwannin Turai da 12mo da 24mo. Takarda ce ke cin kaso mai yawa na kuɗin bugu, don haka yawan ninki da ƙananan haruffa sun sauƙaƙa farashi. Wajen 1900, David Bryce na Glasgow ya buga Alƙur'ani da bai wuce kan babban yatsa ba, cikin ɗan gidan ƙarfe mai gilashin ƙara girman rubutu.

Da yake fallayen kansu girmansu ya bambanta, littattafai biyu na iya zama oktabo amma ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi ya sa masani ba ya dogara da ma'auni, sai ya ɗaga warƙar ya haska. Takardar hannu tana da layuka a jikinta: a foliyo da oktabo a tsaye suke, a kwarto a kwance. Tambarin masana'anta kuma a tsakiyar warƙa yake a foliyo, a kwarto kuwa ya faɗa cikin ɗinki. Da irin wannan duba ne masu binciken rubuce-rubucen hannu na Kano da Sakkwato suke gane takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda aka yi ta shigowa da ita daga arewacin Italiya.

Injinan zamani da tsarin A4, wanda ya samo asali a Jamus a 1922, sun ture waɗannan sunaye daga bakin jama'a. Amma shaidar da suke nuni gare ta tana nan a jikin takarda, kuma ita ce ke faɗin yadda aka yi littafi da irin mutanen da aka yi shi dominsu. Saboda haka duk mai riƙe da tsohon littafi, na ɗab'i ko na hannu, kada ya bari a datse gefensa da sunan gyara. Abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa.