Mai Ciwon Daji da Tsoron Zama Ɗan Ƙwaya

Tun da gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, duk wani maganin kashe zafi mai ƙarfi ya shiga bakin duniya. Tsoron yana da tushe: binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a ƙasar suna shan irin su tiramadol da kodin ba don magani ba. Sai dai wanda ya fi ɗanɗana kuɗar wannan tsoro shi ne mai ciwon daji da cutar ta kai ga ƙashi. Ko juya shi aka zo yi a shimfiɗa sai ya yi ƙara, amma da an ambaci mofin sai dangi su ce kada a mayar musu da shi ɗan ƙwaya.

Sabon jiki daban, jaraba daban. Duk wanda ya daɗe yana shan mofin jikinsa zai saba, shi ya sa likita ke rage shi sannu a hankali idan za a daina. Jaraba kuwa ita ce mutum ya riƙa neman ƙwayar ido rufe alhali tana cutar da shi. Kuma tiramadol mai miligiram 225 da hukumar NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena ba ta ɗakin maganin asibiti take bi ba. Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki ba, tun 2004 ta bai wa ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta mofin na ruwa, ana kai wa majinyata har gida.

Za a ce ai a Amurka daga hannun likitoci annobar shan irin waɗannan ƙwayoyi ta faro. Gaskiya ne. Kamfanin Purdue ya fito da maganin kashe zafi OxyContin a 1996, kuma a 2007 ya amsa laifin ɓoye haɗarinsa. Amma a can an yi ta rubuta shi ne tsawon shekaru ga masu ciwon baya da gaɓɓai, inda amfaninsa kaɗan ne. Ƙa'idojin taƙaitawa da aka fitar a Amurka a 2016 ma sun keɓe masu jinyar ciwon daji da waɗanda ke jinyar ajali. Wannan ba ya nufin mai ciwon daji ba ya faɗawa jaraba, musamman wanda da ma yana taɓa shaye-shaye. Maganinsa likita ya tambayi tarihinsa, ya ba da mofin na 'yan kwanaki, a kulle kwalbar a gida saboda samari, a kuma mayar da ragowa asibiti idan majinyaci ya rasu.