Jarin Kasada: Daɗi da Wuyar Kafa Kamfanin Fasaha

1. Gabatarwa

A kasuwanninmu an san ubangida mai bai wa yaronsa jari ya juya, in an ci riba a raba. Abin da wannan takarda za ta yi bayani a kansa ya yi kama da haka, sai dai ya fi shi haɗari. Muna kiransa jarin kasada, wato kuɗin da ake zuba wa sabon kamfani tun bai fara cin riba ba, wani lokaci ma tun bai ƙera abin sayarwa ba.

2. Yadda abin yake

Ya kamata ɗalibi ya rarrabe tsakanin bashi da jari. Banki yakan nemi jingina, kuma dole a biya shi, ko an ci riba ko an faɗi. Mai jarin kasada kuwa hannun jari yake karɓa, wato wani kaso na mallakar kamfanin, sau da yawa har da kujera a hukumar gudanarwa. In kamfanin ya mutu, kuɗinsa sun tafi ke nan.

Galibi ba kuɗin aljihunsa yake zubawa ba. Yakan tara su daga attajirai da jami'o'i da asusun fansho, bisa yarjejeniyar kimanin shekara 10. A al'ada yakan ɗauki kashi 2 cikin 100 kowace shekara domin gudanarwa, da kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu. Da yake yawancin sababbin kamfanoni ba sa kai labari, fatansa shi ne ɗaya ko biyu su bunƙasa har su rufe asarar sauran. Tsohon misali shi ne na Georges Doriot, haifaffen Faransa, wanda kamfaninsa da ke Boston ya zuba dala 70,000 a Digital Equipment a 1957, daga baya darajar hannun jarin ta kai miliyoyin daloli masu yawa.

3. Mai kafa kamfani

A 1976 mutum uku suka kafa Apple a Kaliforniya: Steve Jobs da Steve Wozniak da Ronald Wayne. Ba a daɗe ba Wayne ya ji tsoron kada bashin kamfanin ya hau kansa, ya sayar da kasonsa na kashi 10 cikin 100 a kan dala 800. A 1977 Mike Markkula ya kawo dala 250,000, wani ɓangare jari, wani bashi. A watan Disamba na 1980 aka fara sayar da hannun jarin Apple ga jama'a, Jobs ya zama hamshaƙin attajiri yana ɗan shekara 25.

To, amma duk wanda ya karɓi jari ya sayar da wani yanki na ikonsa. A 1983 Jobs da kansa ya jawo John Sculley daga Pepsi domin ya shugabanci kamfanin. Da suka saɓa a 1985, hukumar gudanarwa ta goyi bayan Sculley, Jobs ya bar kamfanin da ya kafa. Sabon kamfaninsa, NeXT, bai sayar da kwamfutoci da yawa ba. Duk da haka, a ƙarshen 1996 Apple ya amince ya saye shi a kan sama da dala miliyan 400, kuma a 1997 Jobs ya koma kan ragama. Duniya rawar ƴan mata, na gaba ya koma baya.

4. Mai zuba jari

Shi ma mai kuɗin bai tsira ba. Kamfanin Sequoia ya zuba jari a Webvan, mai sayar da kayan cefane ta intanet yana kai wa mutane har gida. Webvan ya tara dala miliyan 375 a kasuwar hannun jari a 1999, ya kashe kuɗi wurin gina manyan rumbunan ajiya kafin ya sami isassun masu saye. A watan Yuli na 2001 ya durƙushe, ma'aikata kimanin 2,000 suka rasa aiki. Amma a 1999 ɗin nan Sequoia da Kleiner Perkins sun haɗu sun bai wa Google dala miliyan 25. Lokacin da ake ba da kuɗin, babu mai tabbacin wanne ne zai rayu.

5. Kammalawa

Daga waɗannan misalai za mu ga cewa mai kafa kamfani yana iya rasa ikonsa ko da kamfanin yana raye, mai zuba jari yana iya rasa kuɗin amanar da aka ba shi, ma'aikaci kuma abincinsa. Sai ɗalibi ya kula da kalmomin nan huɗu wurin fassara: bashi, jari, hannun jari da jingina. Wanda ya cakuɗa su ba zai gane dalilin da ya sa Wayne ya janye ba, balle dalilin fitar Jobs.