Lokacin da shafi ya ba ka amsar jiya

A ranar 19 ga Satumba, 2012, kamfanin Apple ya fitar da iOS 6. Ba a yi kwanaki ba masu haɗa manhajojin intanet suka fara ganin abin mamaki: mutum ya danna maɓalli a iPhone, shafi ya nuna masa amsa, alhali saƙonsa bai isa uwar garke ba. Burauzar Safari ce ke ɗauko tsohuwar amsar da ta ajiye, ta miƙa masa a matsayin sabuwa.

Ajiyar kanta ba laifi ba ce. Kowace burauza tana da ma'ajiyar wucin gadi inda take adana hotuna da wasu sassan shafi, don kada ta sake sauke su a ziyara ta gaba. Duk wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya san amfanin hakan.

Matsalar tana tasowa ne daga buƙatun da shafi ke aikawa a bayan fage ba tare da ya sake buɗewa ba, dabarar da Jesse James Garrett ya raɗa wa suna Ajax a 2005. Da ita ake sabunta akwatin saƙonni, ko a nuna inda fayil ya tsaya. Idan adireshin da aka tambaya bai canza ba, kuma uwar garke ba ta faɗi tsawon rayuwar amsarta ba, burauza na iya yanke hukunci da kanta. Internet Explorer ta yi ƙaurin suna wajen yin haka ga buƙatun GET, na neman bayani. Safari kuwa ta wuce gona da iri: ta ajiye amsoshin POST, waɗanda ake aika bayani da su, abin da ƙa'idar HTTP ta hana sai da izinin uwar garke.

Haɗarin shi ne babu alamar kuskure ko ɗaya. Ma'aikacin da ke duba ko an amince da takardarsa zai ga har yanzu tana jira, ya sake turawa, ko ya fara neman wanda ya danne ta.

Maganin yana hannun masu gina shafin. Uwar garke ta haɗa amsar da umarnin Cache-Control: no-store, wato kada a ajiye. Wasu kan liƙa lambar lokaci a ƙarshen adireshi don kowace buƙata ta zama sabuwa, kamar yadda jQuery ke yi idan an kashe masa ajiya, sai dai wannan faci ne kawai.

Shi kuwa mai amfani, Ctrl da F5 kan taimaka, amma ba kullum ba. Kafin ya sake biyan kuɗi ko tura takarda, gara ya share ma'ajiyar, ko ya duba da wata burauzar.