HANYAR DUTSEN MAMBILA

Ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara shimfiɗaɗɗiya ce. Yaron da ya tashi a nan, in ban da dutsen Kufena na Zariya, da wuya a ce ya taɓa ganin wani babban dutse. Amma akwai wurare a Nijeriya inda mota kan yi ta hawa har ta shiga cikin gajimare. Mafi shahara a cikinsu shi ne tudun Mambila, a Jihar Taraba, kan iyakar Kamaru.

Tafiyar ba ta yini guda ba ce. Wanda ya tashi daga Kudan sai ya bi ta Zariya da Jos da Bauci da Gombe, ya ƙetare kogin Binuwai a Numan, ya sauka Jalingo. Daga nan sai ya yi kudu, ya wuce Bali da Serti. Ƙauyuka kan yi ta raguwa, daji kuwa yana ƙara duhu. Kusa da Serti ne gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, kuma duk ƙasar nan babu gandun da ya kai shi girma. A cikinsa akwai ɓauna da dorina da birai iri iri. A can ne kuma dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, watau dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya.

Bayan Mayo Selbe ne hawa ke farawa. Ba a yanka hanyar ta miƙe sak ba, sai aka nannaɗa ta jikin dutse kamar rawani. Dalili kuwa shi ne, mota ba ta iya hawan tudu mai tsaye da kaya a bayanta. Kowane lanƙwasa yana ƙara wa tafiya nisa, amma yana rage wa inji wahala. A hannu ɗaya ga bangon dutse, a ɗaya hannun ga kwazazzabo mai zurfi, in mutum ya leƙa sai ya hangi manyan itatuwa kamar ciyayi.

A nan ne ake gane direban ƙwarai. Kafin ya fara hawa, sai ya tsaya ya duba ruwa da birki da tayoyi. Yakan sa ƙaramar giya, ya riƙa yin oda a kowace kwana, don ba ya ganin mai zuwa. Gangara ta fi hawa haɗari. Wanda ya dogara ga birki kaɗai, sai birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Saboda haka gwani yakan sauko da ƙaramar giya, inji na riƙe motar. Da damina kuma hazo yakan rufe hanya, ƙasa ta zabtaro daga bisa. Direba mai hankali sai ya dakata har gari ya washe, gama rayukan mutane amana ce a hannunsa.

Da an kai bisa, sai a ga wata duniya dabam. Tuddai ne kore shar, ɗaya bayan ɗaya, har iyakar ganin ido. Iska na da sanyi ko da bazara, domin wurin ya ɗara teku da mita wajen 1,600, kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da awo shida ko fiye kaɗan. Sanyin nan ya kori ƙudan tsando, shi ya sa shanun Fulani ke ƙiba a can. Shi ne kuma ya sa ake noman ganyen shayi a Kakara. Hanya takan wuce Maisamari da Nguroje, ta kai Gembu, babban garin ƙasar, inda Mambilawa da Fulani da Hausawa 'yan kasuwa ke cuɗanya.

A da ƙasar nan tana hannun Jamus ne, sa'an nan Ingilishi suka riƙe ta amana bayan Yaƙin Duniya na Farko. A 1961 aka jefa ƙuri'a, Arewacin Kamaru ya zaɓi shiga Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna.

Ruwan da ke sauka a tudun nan shi ke cika kogin Donga, wanda ke shiga Binuwai. In aka sare itatuwa, aka yawaita ƙuna, sai ruwa ya kwashe ƙasa, hanya ta lalace, mutanen gangare su sha ambaliya. Ashe kiyaye dutse kiyaye kwari ne.

TAMBAYOYI
1. Don me hanyar dutse ba ta miƙewa sak?
2. Me ya sa gangara ta fi hawa haɗari?
3. Me ya sa shanu ke jin daɗin Mambila?