Ƙaiƙayin mai ciki: wanda ake haƙuri da shi, da wanda ake rufe rumfa dominsa

Duk macen da ta taɓa kai ciki wata bakwai a lokacin bazara a ƙasar Konni ta san susa. Ciki na girma, fata na miƙewa, ga zufa a ƙarƙashin zane tun safe har la'asar, mace tana zaune gaban tiren goro ko kaskon tuya. Idan hunturu ya shigo kuma sai fata ta bushe ta yi furu-furu. Irin wannan ƙaiƙayin a kan ciki, cinya da ƙirji ya fi tsayawa, kuma ba ya taɓa jariri. Wanka da ruwa mai sanyi-sanyi, man kaɗanya da tufafin auduga marasa matsewa sun ishe shi. Idan akwai ƙuraje tsakanin yatsu kuma yaran gida ma suna susa, a zargi ƙazwa, sai a yi wa gidan duka magani.

Amma akwai wani ƙaiƙayin daban, shi ne dalilin wannan rubutu namu. Yana zuwa ne galibi a watanni ukun ƙarshe. Tafin hannu da tafin ƙafa ya fi kamawa, da dare ya fi tsananta har ya hana barci, kuma abin da ke ruɗar mutane shi ne babu ƙurji ko ɗaya, sai sawun farce. Wani lokaci fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, wasu kaɗan kuma ido ya yi rawaya.

Wannan daga hanta yake. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan da ke taruwa a matsarmama, wanda kowace mai gyaran kaza ta san yadda yake ɓata nama idan ya fashe. A jikin wasu mata, sinadaran ciki kan rage gudun wannan ruwa, sai ya koma cikin jini. Ita uwa galibi wahalar susa take sha, tana haihuwa ya wuce cikin kwanaki ko 'yan makonni. Jariri ne ke cikin haɗari: yana iya zuwa bakwaini, yana iya yin kashi tun yana ciki, yana iya mutuwa farat ɗaya ana dab da haihuwa. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa idan ma'aunin ɗacin a jini ya kai 100, fiye da jarirai 3 cikin 100 ake haifa babu rai, alhali idan bai kai 40 ba haɗarin kusan ɗaya yake da na kowace mai ciki. Shi ya sa likitocin Ingila, a ƙa'idarsu ta 2022, suke ba da shawarar a tayar da naƙuda a mako na 35 zuwa 36 ga wadda nata ya kai can. Yawan susa ba ya nuna yawan ɗacin, sai an ɗebi jini.

To, a nan ne al'adarmu ta kasuwa ke cutar da mu. Mai ciki ta yi ƙorafi, maƙwabciyar rumfa ta ce zaƙi ne ya yi mata yawa, a jiƙa mata saiwa ko ɓawon maɗaci. Ido ya yi rawaya, a ce shawara ce, a nemo rawaya a dafa. Mai tallar ƙwayoyi ya gifta da tirensa, a sayi ta dala biyar a haɗiye. Ƙwayar ƙaiƙayi tana iya sa barci, amma ba ta rage komai a jini, kuma jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba ƙarin kaya ne a kan hantar da ta riga ta gaji. Rawayar ido ga mai ciki ma ba abin jira ba ce ko da babu ƙaiƙayi. Ba mu manta da 2017 ba, lokacin da ciwon hanta nau'in E, wanda gurɓataccen ruwa ke yaɗawa, ya ɓarke a jihar Diffa, kuma mata masu ciki ne suka fi mutuwa.

Mun san uzurin da ake bayarwa. Laraba ranar kasuwar Konni ce, wa zai bar ciniki ya je ya bi layi? Mai albasa a Galmi ko Tsernawa ta ce a bari kaka ta wuce, mai kai kaya Badagishiri ta ce sai ta dawo. A ganinmu wannan lissafin bai fita ba. Tun 2006, zamanin Tandja Mamadou, aka soke kuɗin awon ciki a asibitocin gwamnatin Nijar, don haka abin da zai ci mace kuɗin mota ne da cinikin wuni guda, sai kuma na gwaji.

Idan an je, kada a ce wa ungozomar asibiti "jikina ke ƙaiƙayi" kawai a yi shiru, don za ta iya ɗaukarsa na zafi. A faɗa mata fili: tafin hannu da na ƙafa ne, da dare ne, babu ƙurji, ga watan da ciki yake. Ba kowace ƙaramar likita ke gwajin hanta ba, saboda haka a karɓi takardar turawa zuwa babban asibitin Konni ko na Illela, ko asibitin mishan na Galmi a gundumar Malbaza, wanda ke aiki tun 1950, ko cibiyar uwa da yaro ta Tawa. Idan motsin jariri ya ragu, ko da tsakar dare ne, ba a jiran gari ya waye.

Wadda ta taɓa yin irin wannan ƙaiƙayin a wani ciki, ko aka san shi ga mahaifiyarta ko 'yar'uwarta, ta faɗa tun awon farko, domin yana bin dangi, kuma sau da yawa yakan dawo a ciki na gaba.